Fidilhed: Tambayoyi da Amsoshi kan Tsinka, Adanawa da Cin Tohon Daji Mai Nannaɗe

Mene ne fidilhed?

Toho ne na wani tsiro daga dangin da ake kira fen, wato tsirran da ba sa fure, ba sa 'ya'ya, sai dai su yaɗu ta wata ƙura mai laushi da suke fitarwa, ko ta saiwar da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Ganyen waɗannan tsirrai a nannaɗe yake fitowa daga ƙasa, kamar gammo, sannan ya riƙa warwarewa a hankali har ya miƙe. Wannan nannaɗen, tun bai warware ba, shi ake tsinka a ci. Sunan kuwa daga gogen Turawa ya samo asali, domin kan sandar gogen nasu yana da irin wannan murɗin.

A Kanada da arewa maso gabashin Amurka, idan aka ce fidilhed, iri ɗaya ake nufi: wanda masana tsirrai ke kira Matteuccia struthiopteris. Ganyensa idan ya girma kamar gashin jimina yake, ƙasa siriri, tsakiya da faɗi, shi ya sa a wannan shafi za mu riƙa kiransa gashin jimina. Mutanen asali na yankin, irin su Wolastoqiyik da Mi'kmaq da Penobscot, sun daɗe suna cinsa kafin zuwan Turawa. Har yau kuma a lardin New Brunswick na Kanada da jihar Maine ta Amurka ake fi ji da shi. Wani ƙauye a New Brunswick mai suna Tide Head ma yana kiran kansa babban birnin fidilhed na duniya.

A ina yake fitowa, kuma yaushe?

Yana son fadamar kogi, inda ruwa ke malala bayan narkewar ƙanƙara ya bar laka mai taushi, ga inuwar itatuwa sama-sama. Tsibiran da ke cikin kogi da bakin ƙoramu su ne gidansa. Kwarin kogin Saint John, wanda ya ratsa Maine da New Brunswick, ya yi suna a kan haka.

Lokacinsa daga ƙarshen Afrilu ne zuwa farkon Yuni, gwargwadon yadda sanyin shekarar ya kasance da kuma nisan wurin zuwa arewa. Amma kada tsawon wannan lokaci ya ruɗi mutum. A wuri ɗaya, abin bai cika wuce mako biyu ba. Idan aka samu kwana biyu ko uku na ɗumi a jere, tohon da ka gani jiya a dunƙule yau ya miƙe ya fara buɗewa. Masu sana'ar tsinka suna farawa ne daga kudu da wuraren da rana ke bugawa, su ƙare a arewa da lungunan da sanyi ke jimawa.

Akwai dabarar gano wurin tun kafin lokaci. Gashin jimina yana fitar da ganye iri biyu. Akwai kore mai tsawo, wanda ke kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ya mutu idan sanyi ya shigo. Akwai kuma gajere mai ɗauke da ƙurar iri, wanda ke fitowa daga tsakiyar gindin daga baya, ya bushe ya koma ruwan ƙasa mai duhu, ya tsaya ƙyam duk tsawon lokacin ƙanƙara. Duk inda ka ga waɗannan busassun suna tsaye kamar fikafikai, to a gindinsu toho zai fito.

Ta yaya zan tabbatar wannan ne, ba wani ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin kusan duk dangin fen a nannaɗe suke fitowa, kuma ba duka ake ci ba. Alamomi uku ake dubawa, kuma dole su haɗu gaba ɗaya.

Ta farko, karan. Juya shi ka dubi gefen da ke fuskantar tsakiyar gindin. Za ka ga kwari mai zurfi ya bi tsawonsa, kamar indararo. Idan ka yanka karan ka dubi bakin yankan, siffar harafin U za ka gani. Ɗan layi marar zurfi bai wadatar ba, kwarin na gaske ne wanda farce zai shiga.

Ta biyu, karan sumul yake, kore shar, babu gashi ko kaɗan.

Ta uku, nannaɗen yana lulluɓe da wani ɓawo siriri mai ruwan ƙasa, kamar busasshen ɓawon albasa, wanda ke fita da zarar an murza shi. Idan abin da ke jikinsa fari ne ko ja-ja mai kama da auduga, yana manne ba ya fita da sauƙi, to wani iri ne. Akwai iri biyu masu irin wannan audugar da suke fitowa a wurare masu damshi a yankin, kuma su suka fi ruɗar sabon shiga.

Ƙari a kan waɗannan, gashin jimina daga dunƙulallen gindi yake fitowa, toho da yawa a zagaye suna fuskantar juna. Wani fen mai guba da ake kira birakin kuwa ɗai-ɗai yake fitowa nan da can, karansa zagayayye babu kwari, kansa ya rabu uku kamar ƙafar shaho a dunƙule.

Hoto a waya yana taimakawa, amma shawararmu ita ce fitar farko ta kasance tare da wanda ya san abin. Ido sai ya ga na gaske da na jabu a gefe ɗaya kafin ya zauna. A irin waɗannan fadamu kuma akwai wani tsiro mai guba sosai, Veratrum viride, mai faffaɗan ganye da layi-layi, yana fitowa lokaci guda. Bai yi kama da fidilhed ba, amma dalili ne na kada a riƙa damƙo duk koren da hannu ya kai a jefa a kwando.

Wane girma ake tsinka, kuma da me?

Ana tsinka idan karan ya tashi santimita 5 zuwa 15 daga gindi, kan kuma yana nan a ɗaure tam, faɗinsa kamar santimita 2 da rabi zuwa 4. A bar masa guntun kara kamar santimita 3 zuwa 5, domin karan ma ana ci, wasu ma sun fi son sa.

Da hannu ya fi. Ka kama karan ka lanƙwasa shi baya, zai karye da kansa a inda yake da taushi. Wuƙa tana aiki, sai dai tohon yana matse da juna, ga wasu ƙanana a ƙasa da ba su fito ba tukuna, kuma bakin wuƙa yana yanke su ba a sani ba. Kada a finciko sama, yana iya raunata gindin. A kuma lura da inda ake taka ƙafa, don gindin da bai fara toho ba yana ɓoye a ƙarƙashin busassun ganye.

Wanda ya riga ya warware a bar shi. Ya yi tauri, ɗanɗanonsa ya lalace, kuma shi ne zai ciyar da gindin.

A zuba a kwando ko jakar takarda. Leda a cikin rana tana sa shi gumi, ya yi laushi kafin a isa gida.

Nawa ya kamata a ɗauka daga gindi ɗaya?

Kada ya wuce rabi. Gindin da bai kai toho huɗu ba kuma a ƙyale shi gaba ɗaya, ko dai ƙarami ne, ko ya riga ya jigata.

Dalili shi ne, tohon da ke fitowa bana da abincin da gindin ya tara bara yake fitowa, kuma ganyen da aka bari ya girma shi ne zai tara na baɗi. Idan aka kwashe duka, gindin zai yi ƙoƙarin fitar da wasu daga ɗan abin da ya rage masa, ya shiga sanyi da yunwa. Jami'ar Maine ta bi wannan al'amari na tsawon shekaru. Gindin da aka riƙa kwashe masa duka kowace shekara, tohonsa ya yi ta raguwa yana ƙanƙancewa, wasu suka mutu, wanda aka riƙa ɗaukar rabi kuwa ya ci gaba da bayarwa.

Akwai wani kuskure da mutanen kirki ma suke yi. Mutum ya zo ya tarar da gindi mai toho uku, ya ɗauki ɗaya ko biyu yana ganin ya yi adalci, alhali wani ya riga shi ya ɗauki huɗu. Saboda haka a duba gindin da kyau. Idan akwai sababbin kututturen da aka karya, an riga an karɓi rabon wannan shekarar, a wuce gaba. Kuma sau ɗaya ake tsinkar gindi a shekara, ba a komawa bayan mako a ce an ga sabo.

Filin da tsiron yake kuma yana da mai shi. Da yawa daga fadamun nan gonakin mutane ne, wasu na al'ummomin asali ne, wasu gandun gwamnati ne da aka hana cire tsiro a ciki. A nemi izini tukuna. Wasu wuraren da aka rufe wa jama'a, kwasar ganima ce ta jawo.

Akwai wani haɗari a wurin tsinkar kansa?

Kaska ce babba. A arewa maso gabashin Amurka da gabashin Kanada akwai ƙaramar kaska mai yaɗa cutar Lyme, kuma lokacin fidilhed lokacinta ne. A sa dogon wando a cusa ƙafarsa cikin safa, a duba jiki da kyau bayan an dawo. Sai kogin kansa, wanda a wannan lokaci yake cike, ga sanyi kamar ƙanƙara, ga gaɓa mai santsi. A kuma guji tsinka a ƙasa da inda ake zubar da ruwan masana'anta ko na bayan gida, da bakin babbar hanya, da gefen gonar da aka yi wa feshi.

Yaya ake cire ɓawon nan mai ruwan ƙasa?

A bushe, tun kafin ruwa ya taɓa shi. Da zarar ya jiƙe sai ya manne a jikin tohon, aiki ya ninka. Duk wanda ya taɓa sheƙar hatsi ya san yadda za a yi: a murza tohon a tsakanin tafin hannu, a zuba a faifai ko tire, a riƙa ɗagawa ana zubowa a inda iska ke kaɗawa ko gaban fanka. Ɓawon ba shi da nauyi, iska za ta tafi da shi. Wasu kan zuba a jakar takarda su girgiza sosai kafin su sheƙe.

Bayan nan sai wanki. A zuba a babbar roba da ruwan sanyi mai tsabta, a motsa da hannu, a tsame tohon daga sama a bar yashi a ƙasa, a zubar da ruwan. A maimaita sau uku ko huɗu har ruwan ya fito garau. Yashi yana shiga har cikin nannaɗen, tunda a laka ya tashi. Kada a wanke da ruwan kogin da aka tsinko a bakinsa. A ƙarshe a datse bakin karan da ya yi baƙi.

Da gaske ba a cinsa ɗanye?

Da gaske. Ba a cinsa ɗanye, ba a kuma cinsa da rabin dahuwa.

A shekarar 1994 an samu mutane da yawa da suka kamu da ciwon ciki a jihar New York da yammacin Kanada bayan cin fidilhed a gidajen abinci, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bi diddigi. Abin da ya haɗa su shi ne an ba su shi ɗanye ko an ɗan soya sama-sama na 'yan mintuna. Binciken bai gano ƙwayar cuta ko takamaimiyar gubar da ta jawo ba, amma ya nuna cewa dafawa sosai tana kawar da matsalar. Tun daga nan aka tsayar da ƙa'ida. Hukumar lafiya ta Kanada ta ce a tafasa shi minti 15 a cikin ruwa mai yawa, ko a turara shi minti 10 zuwa 12 har ya yi laushi, sannan a zubar da ruwan.

Ga yadda ake yi don lissafin ya fita daidai. Ga rabin kilo, a ɗora ruwa kamar lita 3 da ɗan gishiri. Sai ruwan ya tafasa sosai a zuba. Zubawar za ta kwantar da tafasar, to ba a fara ƙirga minti sai ya sake tafasowa. Idan turarawa za a yi a madambaci, kada a cika shi, a baza yadda tururi zai ratsa ko'ina, a rufe da murfi. Ruwan zai koma ja kamar shayi. Haka yake, ba alamar lalacewa ba ce, amma ba a yin miya ko romo da shi.

Za ka ji masu girki suna cewa minti 15 ya yi yawa, yana kashe garas-garas ɗinsa, minti 5 ya isa. Gaskiya ne yana yin laushi. Amma mu ba ma goyon bayan ragewa. Akwai wanda zai ce ya shekara ashirin yana cin mai rabin dahuwa bai ga komai ba, kuma ba ƙarya yake yi ba, sai dai ba a gane wanda zai tayar da ciki da ido ko da hanci, kuma a kan tebur akwai yara da tsofaffi. Idan laushin ne damuwa, turarawa ta fi riƙe jikinsa, kuma tsoma shi a ruwan ƙanƙara da zarar an sauke yana tsayar da dahuwar, ya bar shi kore.

Suya kaɗai, ko gashi, ko na'urar ɗumama abinci, ba sa maye gurbin tafasa. A tafasa tukuna, sannan a soya.

Idan an ci wanda bai dahu ba, me zai faru?

Tashin zuciya, amai, gudawa, murɗawar ciki da ciwon kai. Suna farawa tsakanin minti 30 zuwa awa 12 bayan ci. Yawanci kafin kwana ɗaya sun lafa, amma suna iya kai kwana uku. Abin tsoro shi ne ƙarewar ruwan jiki, don haka a yi ta shan ruwa kaɗan-kaɗan, ko haɗin gishiri da sukari. Ƙaramin yaro, tsoho, mai juna biyu, ko mai wata cuta a jiki, a kai shi asibiti ba tare da jira ba. Haka ma duk wanda amai ya hana shi riƙe ruwa. A faɗa wa likita abin da aka ci, in da saura a tafi da shi.

Yaya ɗanɗanonsa yake, kuma da me ake ci?

Yana tsakanin ɗanyen wake mai kwanso da alayyafo, da ɗan ƙamshin ciyawa da ɗan gardi. Ba shi da ƙarfin ɗanɗano, shi ya sa yawan kayan yaji ke binne shi. A Maine da New Brunswick, abin da aka saba shi ne man shanu da gishiri da ɗan ruwan khal ko lemon tsami, sau da yawa a gefen kifin salmon. Ana kuma soya dafaffen da tafarnuwa minti biyu zuwa uku, ko a sa a ƙwai, ko a taliya, ko a niƙa a yi miya da madara.

Wanda ke zaune a can kuma yake marmarin ɗanɗanon gida, dafaffen fidilhed yana karɓar kwaɗo: dakakken ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, ɗan attarugu da man gyaɗa, kamar yadda ake yi wa zogale ko rama. A dai tsane shi sosai, don nannaɗen yana riƙe ruwa, ya sa kwaɗon ya yi ruwa-ruwa. Idan a miya za a sa, a dafa shi daban tukuna a zubar da ruwan, a zuba a ƙarshe.

Idan ya yi ɗaci ko bauri, abu uku ake zargi: ba a cire ɓawon da kyau ba, ruwan dahuwar ya yi kaɗan, ko tohon ya tsufa ya fara buɗewa.

Ta fuskar gina jiki, giram 100 na ɗanyensa yana da kalori kusan 34 da furotin giram 4 da rabi, ga bitamin A da C, da sinadarin ƙarfe da fotashiyam. Tafasa tana rage bitamin C, wannan kuwa asara ce da ta cancanci a ɗauka.

Idan saye zan yi, me zan duba?

Kore mai haske, kai a ɗaure tam, jiki da tauri yadda zai karye idan an lanƙwasa. A guji mai ruwan ɗorawa, mai yauƙi, mai baƙi-baƙi a cikin nannaɗen, ko mai wari. Baƙin bakin kara kaɗai ba laifi ba ne, iska ce ta taɓa shi, datsewa ake yi. Ko a kanti aka saya, a juya karan a nemi kwarin nan. Na kanti ma daga daji aka tsinko mafi yawansa, kuma ƙa'idar wanki da dahuwa ba ta canzawa.

Kwana nawa yake yi a firji?

Ya fi daɗi a cikin kwana biyu ko uku. Idan an sheƙe shi, aka sa a mazubi mai murfi da ɗan tsumma mai damshi, aka ajiye a firji mai sanyin digiri 4 ko ƙasa, yana iya kai mako guda. Wasu kan nutsar da shi a ruwan sanyi a cikin firji suna canza ruwan kullum. A kan tebur kuwa, yini ɗaya ya isa ya fara warwarewa yana laushi, don ko bayan tsinka bai daina girma ba.

Yaya ake daskarar da shi?

Wannan ita ce hanyar adanawa mafi sauƙi da aminci. A sheƙe, a wanke, a datse. A tafasa ruwa mai yawa, a riƙa zuba tohon kaɗan-kaɗan ana sulala shi minti 2. A tsame a jefa cikin ruwan ƙanƙara nan take har ya huce. A tsane, a baza a kan tsumma mai tsabta ya sha iska. Sannan a jera a tire a sa a firiza awa ɗaya ko biyu, in ya daskare a juye a leda mai zik, a matse iskar, a rubuta kwanan wata. A sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri yana kai shekara.

Kowane mataki da dalilinsa. Idan ba a sulala ba, sinadaran da ke cikin tsiron suna ci gaba da aiki ko a cikin ƙanƙara, bayan 'yan watanni ya yi baƙi ya yi ɗaci. Idan aka zuba da yawa lokaci guda, ruwan zai huce, minti biyun ya tashi a banza. Idan ba a tsane ba, ƙanƙara za ta fasa jikinsa ya fito lugub. Idan aka bar iska a leda, sai ya bushe ya yi fari-fari.

Abin da aka fi mantawa: sulalar minti 2 ba dahuwa ba ce. Ranar da za a ci, sai an tafasa shi minti 15 ko an turara 10 zuwa 12, kamar sabo. Ba sai an narkar ba, daga firiza a zuba a tafasasshen ruwa. Wanda ya narke kuma ba a mayar da shi firiza.

Ana iya jiƙa shi a ruwan tsami ko a rufe a kwalba?

A ruwan khal, e. Mafi sauƙi shi ne wanda ake ajiyewa a firji. A dafa tohon cikakkiyar dahuwa, a tsane, a jera a kwalba mai tsabta da tafarnuwa da barkono. A tafasa kofi ɗaya na ruwan khal mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, da kofi ɗaya na ruwa, da babban cokali ɗaya na gishiri da ɗaya na sukari, a zuba da zafinsa har ya rufe tohon. In ya huce a sa a firji, a fara ci bayan kwana biyu, a cinye cikin 'yan makonni. Kada a ƙara ruwa a rage khal don tsami ya yi yawa, tsamin ne ke tsare shi. Idan ya yi kaifi, sukari ake ƙarawa.

Wanda ke son kwalbar da za ta zauna a kanta ba firji, to ya bi tsarin da aka gwada a ɗakin bincike, irin wanda sashen wayar da kan manoma na Jami'ar Maine ya fitar, ba tare da canza awo ba.

Abu biyu ba a yi. Ba a rufe shi a kwalba da ruwan gishiri kaɗai, ba a kuma nutsar da shi a mai a ajiye. Fidilhed ba shi da tsami, daga laka kuma ya fito, kuma ƙwayar Clostridium botulinum a ƙasa take zama. Wurin da babu iska babu tsami shi ne inda take fitar da gubarta, wadda ke shanye jiki har ta kai ga kisa, kuma ba lallai kwalbar ta yi wari ko ta canza launi ba.

To busarwa fa?

Gashin jimina bai dace da shanya ba, yana rasa launi da ɗanɗano. Waɗanda ake busarwa wasu iri ne da ake ci a gabashin Asiya. A Japan akwai zenmai, wanda ake tafasawa a shanya ana murzawa da hannu sau da yawa yayin da yake bushewa don ya yi laushi. A Koriya akwai gosari, wanda ake gani a cikin shinkafar bibimbap. Busasshen gosari sai an jiƙa shi ya kwana, a tafasa kamar rabin awa ko fiye har ya yi laushi, a sake jiƙawa ana canza ruwa, kafin a soya.

Gosari ɗin nan ba shi ne birakin da aka ce yana da guba ba?

Shi ne. Sunansa a wurin masana Pteridium aquilinum, a Japan kuma warabi. Yana ɗauke da wani sinadari mai suna ptaquiloside, wanda masu bincike a Japan suka ware a 1983, kuma an tabbatar yana jawo ciwon daji a dabbobi. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa birakin a rukunin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo shi ga ɗan Adam. Yana kuma da wani sinadarin da ke lalata bitamin B1. Shanun da suka daɗe suna kiwo a cikinsa sukan yi fitsarin jini, dawakai kuma su riƙa tangaɗi.

Mutanen da suka gaji cinsa sun gaji hanyar sarrafa shi. A Japan ana barbaɗa masa tokar itace ko garin soda na girki, a kwara ruwan zafi, a danne ya kwana, da safe a wanke a sake jiƙawa a ruwa mai kyau. Sinadarin yana narkewa a ruwa, kuma zafi da kaifin toka suna rusa shi, don haka wannan aiki yana rage shi ƙwarai. Ragewa ce dai. Wanda bai tashi a cikin wannan al'ada ba, ba mu ga dalilin da zai sa ya fara tsinkar birakin ba, balle ya mai da shi abincin kullum.

Akwai wani iri na ƙasashe masu zafi da ake ci sosai, Diplazium esculentum. A Filifin ana ce masa pako, a Malesiya da Indonesiya paku ko pakis, a jihar Assam ta Indiya dhekia, a Nepal niuro. Shi kuwa gashin jimina a Japan kogomi ake kiransa, kuma suna son sa don ba ya buƙatar aikin toka.

Na ga irin wannan tsiro a kan tsauni a ƙasarmu. Zan iya ci?

A'a. Gashin jimina tsiron ƙasashen sanyi ne na arewacin duniya, ba ya fitowa a dajin Afirka ta Yamma. Wanda ke mamaye makiyaya a tuddai masu sanyi irin na Mambila da tsaunukan yammacin Kamaru birakin ne, wanda makiyaya ke kuka da shi. Sauran da ake gani a bakin rafi ko a jikin itacen kwakwar manja wasu iri ne daban, kuma nannaɗewar kai ba shaidar cewa ana ci ba ce.

Ana iya shuka shi a gida?

A ƙasar da ake yin sanyi mai ƙanƙara, ƙwarai kuwa, kuma masu sayar da furanni suna sayar da gindinsa. A tabbatar sunan Matteuccia struthiopteris ne a jikin takardar. Yana son inuwa, da ƙasa mai taki da ba ta bushewa, kamar gefen gidan da rana ba ta bugawa. A dasa gindin yadda samansa zai ɗan leƙo daga ƙasa, a bar tazarar kusan mita ɗaya tsakani, a rufe kewayensa da busassun ganye don riƙe damshi. Idan aka binne kan gindin da zurfi yana ruɓewa, idan rana ta yi masa yawa gefen ganyen yana ƙonewa tun tsakiyar shekara.

Kada a tsinki komai sai bayan shekara biyu ko uku, lokacin da gindin ya yi ƙarfi yana fitar da toho huɗu ko fiye. Saiwarsa tana tafiya a ƙarƙashin ƙasa tana ɓullo da sababbin gindi nesa da uwar, don haka a ba shi wurin da ba zai shiga cikin sauran shuka ba, ko a binne shinge a ƙasa ya tare shi. Waɗannan 'ya'yan su ake cirewa a dasa a wani wurin, da farkon fitowar toho ko bayan ganyen ya mutu.